Daga Filin Folo Zuwa Filin Malam Aminu Kano: Ina Jirage Suka Fara Sauka, Kuma Me Ya Janye Su?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne, a Kurna nake zaune, kullum ta kanmu jirage suke wucewa. Kakana ya ce ya ji daga bakin mahaifinsa cewa ba a wannan filin jirgi ya fara sauka a Kano ba, kuma wai an yi zamanin da Turawan ko'ina sai sun biyo ta nan. Ina ne filin farko? Yaushe aka koma inda yake yanzu? Kuma da gaske ne da gangan aka kashe filin namu don a ɗaga Legas da Abuja?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ƙara wa tsoho lafiya, domin duka maganganunsa biyu gaskiya ne. Tambayarka ta uku ce mai ƙura, kuma ba za ta amsu ba sai mun bi ta kan biyun farko.

Jiragen farko da suka iso Kano guda uku ne, na sojan saman Ingila, kuma ranar 1 ga Nuwamba 1925 suka sauka. Za ka ga ana yawo da 1922 a intanet. Tafiyar da take da cikakken bayani, da ranar tashi da ranar isowa da sunan jagora, ita ce ta 1925. Daga Helwan suka taso, kudu da Alƙahira, ranar 27 ga Oktoba. Suka bi kogin Nilu har Khartum, sannan suka karya yamma ta El Obeid da El Fasher, suka shiga Chadi ta Fort Lamy, wato Injamena ta yau, suka ratso ƙasar Borno zuwa Kano. Duk wanda ya san tarihin zuwa Makka a ƙasa zai gane wannan hanya, don ita ce alhazanmu suke bi da ƙafa da jakuna, wasu su shekara biyu ko uku a kanta, wasu su zauna a Sudan har abada. Abin da ke cin shekaru, jiragen nan suka cinye shi cikin kwana shida.

Jiragen samfurin DH.9A ne, masu fiffike biyu, ɗaya sama ɗaya ƙasa, akasarin jikinsu katako ne da aka lulluɓe da yadi, kowanne mutum biyu yake ɗauka kuma babu rufi a kansu. Irin wannan jirgi ba ruwansa da kwalta. Abin da yake nema shi ne ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗiya, wadda ba itatuwa ba kunyoyin gona ba gidan gara. A Kano ta wancan lokaci, inda aka noma kusan kowane taku na bayan ganuwa, wuri irin wannan a shirye sai filin wasan dawakin Turawa, wanda masu ba da tarihin suka fi kira filin Folo, can wajen gari ta ɓangaren da Turawa suke zaune. To nan ne filin jirgin Kano na farko, in har za a kira shi haka, don ba a gina shi saboda jirgi ba, aronsa aka yi daga dawaki. Sarki Usman ne a kan gadon sarauta, shekara 22 kacal bayan Turawa sun ci Kano. Ba kuma yawon buɗe ido ya kawo su ba. Ingila tana so ta gwada ko za a iya haɗa Masar da Sudan da Nijeriya ta sama, tana kuma so talakawan da take mulka su ɗaga kai su ga abin da take da shi. Daga Kano suka leƙa Kaduna, sannan suka koma Masar ta hanyar da suka zo.

Ka riƙe sunan jagoran tafiyar, Arthur Coningham, zai sake fitowa.

Bayan wannan, jiragen soja sun ci gaba da zuwa jefi-jefi, amma sai da aka shekara goma kafin jirgin haya ya fara zuwa a kai a kai. A watan Fabrairu 1936 kamfanin Imperial Airways ya buɗe reshe daga Khartum zuwa Kano, inda yake haɗuwa da babban layinsa na Landan zuwa Afirka ta Kudu. Jirgin da ya sa shi ne DH.86, mai inji huɗu, fasinja kamar goma, kuma wasiƙu ne babban kayansa tun farko. A watan Oktoba na wannan shekara aka zarce da layin har Legas. Ka lura da tsarin: jirgin haya daga ƙasashen waje sai da ya fara zuwa Kano da watanni kafin ya ga Legas. Jirgi mai zuwa kowane mako, rani da damina, ba zai dogara da filin dawaki ba. Yana buƙatar fili mai tsawo da aka daidaita da yadda iska ke kaɗawa, da rumbun mai, da na'urar magana da matuƙi, da mai duba yanayi, da ma'aikatan lafiya masu feshin sauro, saboda Sudan da Masar suna tsoron kada jirgi ya kai musu cutar shawara daga Afirka ta Yamma. Shi ya sa aka fita arewa da Sabon Gari, ta wajen Fanisau, inda a lokacin gonaki ne da 'yan ƙauyuka. Shekarar 1936 ake lissafawa a matsayin farkon aikin filin da kake gani yau, kuma da ita ne ya zama mafi tsufa a Nijeriya.

Me ya sa Kano, ba Katsina ko Zariya ko Sakkwato ba? Dalilin da ya fi kowane nauyi shi ne jirgin ƙasa. Layin dogo ya iso Kano tun 1911, saboda haka man jirgi da kayan gyara suna iya tasowa daga tashar ruwan Legas su iso nan a tarago. Wanda zai ƙetare Sahara ko ya ratsa Chadi da Darfur, Kano ce babban gari na ƙarshe da zai cika tanki ba tare da an sha wahalar kai masa man ba. Can gaba, wajen El Fasher da El Geneina, har a bayan raƙuma aka riƙa kai mai cikin gwangwanaye.

Yaƙin Duniya na Biyu shi ya mayar da filin babba. A watan Yuni 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus, Italiya ta shiga yaƙin, tekun Bahar Rum ya zama ba ya biyuwa ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojojinta a Masar suna neman jiragen yaƙi, ga hanyar zagaye ta Afirka ta Kudu tana cin makonni. Sai aka tuna da hanyar 1925. Aka riƙa kawo jirage a kwance cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su a can, sannan su taso rukuni-rukuni: Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy, El Geneina, El Fasher, Khartum, har Masar, tafiyar kusan kilomita 6,000. Rukunin farko ya tashi a watan Satumba 1940, jirgin Blenheim ɗaya mai ɗauke da masanin hanya yana gaba, ƙananan jiragen Hurricane shida suna bin sa. Kafin ƙarshen 1943 jirage fiye da 5,000 sun bi ta wannan hanya. Wanda kuwa ya riƙa karɓar da yawa daga cikinsu a ɗaya ƙarshen, a matsayin kwamandan rundunar saman Ingila a hamadar Masar da Libiya, shi ne Coningham ɗin nan da ya sauka a filin Folo yana ƙaramin hafsa.

Hanyar a kan siraɗi take. Nijar, nan kusa da mu, tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy mai biyayya ga Jamus, kuma Damagaram ba ta da nisa da Kano ga mai jirgi. Da Chadi ma ta bi Vichy da hanyar ta yanke a tsakiya. Abin da ya cece ta shi ne gwamnan Chadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle, jagoran Faransawan da suka ƙi miƙa wuya ga Jamus, a watan Agusta 1940. Jamusawa sun san muhimmancinta, har a watan Janairu 1942 wani jirginsu guda ya ƙetaro hamada ya jefa bama-bamai a filin Fort Lamy ya ƙone rumbun mai. Daga 1941 Amurkawa suka shigo, da farko ta hannun kamfanin Pan American, daga baya sojojinsu da kansu, suka ƙara gyara titin jirgi da masaukai da na'urorin sadarwa a Kano da Maiduguri. Ko da yaƙi ya ƙare, Kano tana da fili da ƙwararrun ma'aikata irin waɗanda garuruwa kaɗan ne a Afirka suke da su.

Zamanin da kakanka yake nufi ke nan, daga ƙarshen yaƙi zuwa farkon shekarun 1960. Jiragen fasinja na lokacin galibi masu farfela ne, ba za su iya tashi daga Turai su dire Kwango ko Johannesburg a numfashi ɗaya ba. Dole su sha mai a hanya, kuma in ka ɗauko taswira ka ja layi daga Landan ko Amsterdam ko Brussels zuwa kudancin Afirka, za ka ga ya bi ta kusa da mu. BOAC na Ingila yana bin Turabulus, Kano, Legas. Sabena na Beljiyam yana sauka nan kan hanyarsa ta Léopoldville, wato Kinshasa ta yau. KLM na Holan ya fara zuwa a 1947 kan hanyar Johannesburg. Ga kamfanin WAAC na ƙasashen Afirka ta Yamma rainon Ingila yana rarraba fasinja cikin gida, wanda daga cikinsa Nigeria Airways ya fito a 1958. An buɗe sabon ginin fasinja a 1957. Akwai hotunan zamanin da ke nuna mai busa a kan raƙumi yana sanar da isowar jirgi, 'yan koli kuma sun baje jakunkunan fata da wuƙaƙe da huluna suna ciniki da Turawan da suka sauko miƙe ƙafa. A 1960 da rikicin Kwango ya ɓarke, jiragen Amurka masu jigilar sojojin Majalisar Ɗinkin Duniya a nan suke shan mai. Barikin Bukavu da ke kusa da ku ma sunan wani garin Kwango ne da sojojinmu suka yi aiki.

Tsakanin Turabulus da Kano kusan kilomita 2,400 ne na rairayi, galibi da dare ake ratsawa, da taurari da allurar nuna alƙibla. A watan Mayu 1952 wani jirgin BOAC samfurin Hermes da ya taso daga Turabulus zuwa nan ya kauce hanya saboda kuskuren saita na'ura, ya yi ta tafiya yamma har mansa ya ƙare, ya dira cikin hamadar Muritaniya kusa da Atar, nesa da Kano da fiye da kilomita 2,000.

Yanzu ga abin da masu cewa an kashe filin ba sa son ji. Yawancin waɗancan Turawa ba Kano suka zo ba. Zango suka ya da, kamar yadda ayarin fatake ke sauka a bakin rijiya, a sha ruwa a ɗaure kaya a wuce. Abin da ya tsayar da su ƙarancin man da jirgi ke iya ɗauka ne. Da jirage masu injin jet suka fito, irin su Boeing 707 da DC-8 da VC10, nisan Landan zuwa Legas, kilomita 5,000, ya zama abin yi a tashi ɗaya. Kowace sauka kuɗi ce: kuɗin fili, man da ake ƙonawa wajen sake tashi, lokacin ma'aikata, lalacewar tayoyi da birki. Kamfani ba zai biya wannan ba sai in akwai fasinja ko kaya a ƙasa da za su mayar masa da kuɗinsa. Ba Kano kaɗai abin ya sama ba. Gander a Kanada da Shannon a Ayalan sun yi tashe a kan hanyar Amurka saboda dalili iri ɗaya, kuma jiragen jet suka tsallake su. Babu wanda ya yi musu maƙarƙashiya.

Wannan rabin amsar ne. Ɗaya rabin kuwa, ƙorafin mutanen Kano yana da tushe. Kuɗin man fetur na shekarun 1970 Legas ya gina wa sabon katafaren ginin fasinja da aka buɗe a 1979. Gwamnati ta koma Abuja a Disamba 1991, ofisoshin jakadanci suka bi ta, fasinjan Arewa mai babbar kujera, ɗan siyasa da babban ma'aikaci, ya koma tashi daga can. Kamfanin jirgin waje ba ya sauka inda ya ga dama, sai inda yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta ba shi, kuma a Abuja ake sa hannu. An kuma bar gini da na'urorin Kano suka tsufa shekara da shekaru. Amma a ganina abin da ya fi duk waɗannan illa a cikin gari ya faru: masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka yi ta rufewa saboda rashin wuta da kayan waje masu arha. Injiniyan da zai zo gyaran injin masaƙa, da manajan da zai je Turai sayen kayan aiki, su ne masu cika kujerun da kamfani ke cin riba da su. Sai hare-haren Boko Haram na 20 ga Janairu 2012 a Kano suka zo, a watan Yuni na shekarar KLM ya janye bayan shekara 65, shi ne na ƙarshe cikin manyan kamfanonin Turai na wancan zamani. To in ka ce sakaci da fifita wasu wurare, na yarda. In ka ce wani ya zauna ya kashe filin da gangan, kuma ba don shi ba da har yau Turawa suna sauka shan mai, wannan ban yarda ba.

Abin da bai taɓa barin filin ba shi ne wanda Kano ta haifa da kanta, wato aikin hajji da fatauci. A 1948 Alhaji Mahmud Ɗantata da abokan kasuwancinsa, irin su Alhaji Haruna Kassim da Alhaji Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da ake taƙaita sunansa WAPA, da farko a mota ta Sudan, daga baya a jiragen shata. Sunan ne ya zauna wa Wapa ta Fagge inda 'yan canji suke. Daga nan Kano ta zama mashigar alhazan Arewa da na maƙwabta, har da mutanen Maraɗi da Damagaram. Ba mamaki ba ne da kamfanonin jirgi na 'yan kasuwar Arewa suka taso a kan wannan ciniki ko a gefensa: Kabo Air na marigayi Alhaji Muhammadu Adamu Ɗankabo tun 1980, daga baya IRS, da Max Air, da Azman, da Rano. Ka duba jiragen waje da suka fi zuwa a shekarun nan, na Saudiyya da Masar da Habasha, da Qatar Airways da ya fara a 2022. Duk gabas suka fuskanta, inda masu umara da 'yan kasuwar Kwari da Singa da masu neman magani da ɗalibai suke zuwa.

Filin ya ga baƙin kwanaki, kuma bai kamata a tsallake su ba. A farkon Oktoba 1966 sojojin da suka yi bore sun kashe 'yan Gabas da suka taru a nan suna neman hanyar gida. A 1967 nan aka sauke jiragen yaƙin MiG da Tarayyar Sobiyet ta ba gwamnatin tarayya lokacin yaƙin basasa, kuma har yau sojan sama suna da makarantar koyon tuƙi a ɗaya gefen filin. Haɗura kuwa, kusan kowanne yana da alaƙa da yanayin ƙasarmu ko cunkoson wurin. Ranar 24 ga Yuni 1956 jirgin BOAC ya tashi cikin hadarin farkon damina, iska ta danno shi ƙasa ya bugi itace, mutum 32 cikin 45 suka mutu. Ranar 22 ga Janairu 1973, lokacin hazo, Boeing 707 na ƙasar Jodan da Nigeria Airways ya yi shata ya ɗauko alhazai daga Jidda zuwa Legas, rashin kyan yanayi a can ya sa aka karkato shi Kano, ƙafarsa ta karye wajen sauka ya kama wuta. Mutum 176 cikin 202 suka rasu, Allah ya jiƙansu. A lokacin ba a taɓa yin haɗarin jirgi da ya fi shi yawan rayuka ba a duniya. A Maris 1978 jirgin fasinja daga Sakkwato ya yi karo da jirgin soja mai atisaye, mutum 18 suka rasu.

Na 4 ga Mayu 2002 shi ya fi shafar ku mazauna Kurna. Jirgin kamfanin EAS mai zuwa Legas ya cinye titi bai ɗaga ba, ya tashi da ƙyar, ya faɗa kan gidaje a Gwammaja. Fiye da mutum 100 suka rasu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku da mutanen da ke zaune cikin ɗakunansu. A 1936 an zaɓi wurin ne saboda ba kowa. Yau Kurna da Rijiyar Lemo da Kwakwaci da Bachirawa da Jaba sun kewaye shi, titunan jirgin biyu kuma, babban mai tsawon mita 3,300 da ƙaramin, duka sun miƙe ne daga arewa maso gabas zuwa kudu maso yamma, wato ƙarshensu ɗaya yana kallon unguwanni masu cunkoso. Ƙarancin sarari, irin wanda ya sa filin dawaki ya kasa riƙe jirgi, shi ne yake matso wannan a hankali, ga juji da mahauta masu jawo tsuntsaye, ga masu gini suna cin iyaka.

Sunan Malam Aminu Kano bayan rasuwarsa a 1983 aka sa wa filin. Sabon ginin fasinjan ƙasashen waje da kake gani yana cikin guda huɗu da aka gina da bashin China, tare da na Legas da Abuja da Fatakwal. Akwai kuma abu guda da ya rage daga zamanin ƙetare hamada wanda fasinja ba ya gani: a taswirar matuƙa ta duniya, sararin samaniyar Nijeriya gaba ɗaya da sunan Kano aka san shi, kuma cibiyar da ke nan ita ke kula da jiragen da ke ratsa arewacin ƙasar. Jiragen Turai masu zuwa kudancin Afirka da yawa har yanzu ta kanmu suke bi da dare, suna magana da Kano, ana cajinsu kuɗin ratsawa.

Gini mai kyau shi kaɗai ba ya kawo jirgi. Inda nake ganin akwai abin yi shi ne kaya. Jirgin kaya yana zuwa Kano a cike, ya koma da kaɗan, alhali fatar da aka jeme a Challawa da sauran kayan da kasuwar Dawanau ke tarawa suna kwanaki a tirela kan hanyar Legas. Riɗi da zoɓo masu nauyi ne, jirgin ruwa ya fi dacewa da su. Amma gyararriyar fata da nama da ɗanyen kayan lambu na Kadawa suna iya biyan kuɗin jirgi, in akwai ɗakin sanyi da wutar da ba ta ɗaukewa, da ɗakin gwaji da ƙasashen waje suka yarda da takardarsa, da jami'an kwastan da za su sallami kaya a yini ɗaya.